Mai Tari a Bayan Taga

"Na ce rufe tagar nan!"

"Umma, saura kaɗan. Rana na faɗuwa, in ta faɗi na rasa na yau."

"Ta faɗi mana! Ke kika rataye ta? Dubi labulena. Fari na saye shi, yanzu kamar an yanka rago a jikinsa. Babanki ya je kantin magani da farar rigar aiki, gwiwar hannunsa ja, masu sayen magani na tambayarsa ko ciwo ya ji. Duk saboda me? Me ake ba wanda ya ci gasar?"

"Ana sa zanensa a saman shafi."

"A saman shafi!" Umma ta maƙe murya, ta karkata kai irin na ƴarta. "'Ana sa zanensa a saman shafi, Umma.' Wallahi ranar da na ƙoshi, akwatin nan wuta zai ci, ke kuma ki hau saman shafin ki zauna."

Ƴar Alli ake kiran yarinyar a gidan, tun da ta kamu da son wani alli mai laushi, launi-launi, wanda masu zane ke kira fastel. Akwatinsa ɗan ƙarami ne na katako, kuma duk duniya ba ta da abin da ya kai shi. A watan nan ta shiga wata gasa a intanet: kowa ya zana faɗuwar rana ta tagar ɗakinsa kullum har wata ya cika, ya ɗauki hoton zanen ya ɗora. Wanda ya tsallake yini ɗaya an cire shi. Shi ya sa duk magariba, lokacin da kowane gida ke ja da yara ciki ana rufe tagogi, ita take buɗe tata.

Ta goga ja, ta bi shi da ruwan hoda, ta murza da yatsa har sararin ya yi laushi. Ƙurar allin ta taru a kan takardar. Sai ta yi abin da ta saba: ta ɗaga takardar zuwa taga, ta hure ƙurar waje.

Wani ya yi tari.

Tari ne na tsoho, mai nauyi, daga can cikin ƙirji. A saman bene suke. Ƙarƙashin tagar babu komai sai wani siririn lungu tsakanin bangonsu da na maƙwabta, inda bututun ruwa ya sauka, inda ko mage sai ta matse kafin ta shige. Umma ta dubi ƴarta, ƴarta ta dubi Umma. Hasken da ya rage a ɗakin ya ja da baya a hankali, ya bar su a tsaye.

"Maƙwabta ne," in ji Umma, amma da kanta ta rufe tagar.

Daga ranar nan, magariba ta canza a gidan. Da zarar rana ta sunkuya sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana da lokaci. Daga baya ta daina tsayawa a kan kwano, ta riƙa faɗowa cikin falo, ƙofa a rufe, rufi ba rami. In ka ɗauka sai ka ji ta da sanyi kamar daga ƙasan rijiya aka ciro ta. Akwai atishawa kuma, da guna-guni ƙasa-ƙasa, irin na mutumin da aka ɓata wa rai yana ba wani labari. Baba ya leƙa lungun da fitilar wayarsa, bai ga komai ba, ya dawo ya zauna.

Wata safiya aka tashi aka ga can saman bango, kusa da rufi, inda hannun kowa ba ya kaiwa, an goga ruwan hoda dogo, kamar wani ya share fuskarsa a wurin da ƙarfi.

"Har bango kika fara hawa?" in ji Umma.

"Ni ƙadangaruwa ce?"

"Ki ƙara mayar mini da magana ki gani."

Ƴar Alli ba ta fasa ba. Tana jin tsoro, amma ta wuce rabin wata ba ta tsallake ko sau ɗaya ba, kuma baƙin da ba ta taɓa gani ba sun fara rubuta mata cewa suna jiran zanenta. Sai ta riƙa buɗe tagar kaɗan, ta yi sauri, ta hure, ta rufe.

A yammacin da abin ya kai ƙarshe, ta kumbura kumatu za ta hure ke nan sai hannunta na dama ya dunƙule. Allin da ke ciki ya niƙe. Ta zame daga kujera, idanunta a buɗe suna kallon abin da ba ya ɗakin, hannun ya sandare kamar icce. Baba ya yi ta ƙoƙarin buɗe yatsun, ya kasa. Umma ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki akwatin, ta ɗauki ashana, ta ce, "Kira Malam. Ni kuma yau zan raba ta da masifar nan."

Malam ya iso bayan salla, dattijo siriri mai sanyin magana. Ya ce Umma ta dakata da ashanar tukuna. Ya zauna a gefen yarinyar, ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, tsakuwar ma ta tsaya. Ya daɗe yana karantawa, har duhu ya gama cika kusurwoyin ɗakin, kafin bakin yarinyar ya motsa.

"Ya isa, Malam. Na ji. Ba kurma ba ne ni."

Murya ce ta tsoho, a dushe, cike da fushi. Baba ya matsa jikin ƙofa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabcinsu. Ina lungun nan tun kafin a haƙa harsashin gidan."

"Musulmi ne kai?"

"Tun kafin a yaye kakanka."

"To ka san zalunci haramun ne. Me ƴar mutane ta yi maka?"

"Me ta yi mini?" Muryar ta tashi har labule ya kaɗa. "Duk magariba nakan fito bakin ƙofata in sha iska. Sai fuuu! Ja. Gobe fuuu! Ruwan goro. Malam, gemuna ruwan hoda ne yanzu. Na wanke, na goge a bangonsu, ya ƙi fita. Ni ne mai raba gardama a cikin jama'armu. Shekaranjiya aka kawo mini ƙara, na buɗe baki zan yanke hukunci, mai ƙara da wanda ake ƙara suka rungume juna suna dariya. Matata ta shanya kaya, sun koma shunayya. Jikokina da ido ba ya ganinsu, yanzu maguna na bin su a guje. Yarinyar nan ba ta tsaya nan ba, sai ta ɗauko feshin gashi ta fesa wa takardar, rabi a hancina!"

"Don kada launin ya zube ne," in ji Baba a hankali, ba wanda ya tambaye shi.

"To bai zube ba! Yana nan a gemuna!"

Malam ya shafa nasa gemun, ya yi gyaran murya. "An cuce ka, ba da sani ba. Amma ba ka da hakkin shiga jikinta. Saki hannun."

"Hannun nan ba zai sake riƙe komai ba."

"Ba sai ka wahala ba, bawan Allah," Umma ta shigo maganar, tsoronta ya gudu don ta samu abokin ra'ayi. "Ni da kai bakinmu ɗaya. Ga akwatin, ga ashana. Yanzu zan ƙone shi a can bayan gidan nan."

Kan yarinyar ya juyo gare ta a hankali.

"Hayaƙin kuma ya shiga ina, Hajiya? Ƙura ba ta ishe ni ba, sai kin turare ni?"

"To in niƙe in zuba a magudanar ruwa."

"Surukaina ke zaune a can. Kina so su dawo gidana?"

"Bola fa?"

"Kasuwarmu ce!"

"In binne shi!"

"A kan wa?"

Umma ta ajiye ashanar da ƙarfi. "To ina zan kai shi? In haɗiye?"

Malam ya ɗaga mata hannu. Ya tambayi tsohon, da ladabi, ina ne allin zai tafi bai cutar da kowa ba. Muryar ta amsa, kamar ana ciro maganar da ƙugiya.

"A kan takarda. Nan kaɗai yake zama lafiya. Ta ƙarar da shi a can, har ɗan guntun ƙarshe. Amma ba huri. Ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ta kaɗe ƙurar a kai. Feshin kuma ta shiga banɗaki... a'a, kada ta shiga banɗaki. Ta yi a tsakiyar falo."

"A falona?" in ji Umma.

"Kuma yaushe wannan gasa za ta ƙare?" in ji muryar.

"Ƙarshen wata," in ji Baba. "Sai dai na ji tana cewa ta wata mai zuwa fitowar rana ce."

"Wannan kuma ta tagar gabas za ta yi. Ba ruwana. Wanda ke can ba ma shiri."

Malam ya karɓi alkawari daga gare shi cewa ba zai ƙara jifa ba, ba zai ƙara shiga jikin kowa ba, ya kuma umarce shi ya fita ta inda ya shiga. Ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, garin alli ya zubo a kan tabarma. Ta tashi zaune tana zare ido, ta dubi tagar da ta yi baƙi ƙirin.

"Ban ɗora na yau ba," ta ce.

Malam ya ce a ba ta akwatinta, ya yi addu'a, Baba ya raka shi ƙasa. Umma ta tsaya riƙe da akwatin, tana kallon ƴarta, tana juya maganar a ranta: ba ƙonawa, ba zubarwa, ba binnewa, sai dai a yi ta zane har ya ƙare, a tsakiyar falonta. Idanunta suka ƙanƙance. Ta dangwarar da akwatin a cinyar yarinyar, ta kama kunnenta ta murɗe.

"Ke! Dube ni nan. Wane irin aljani ne duk sharaɗinsa ke ya yi wa daɗi? Ke ce kika shirya wannan, ko? Faɗi gaskiya, ke ce!"

Bakin Ƴar Alli a rufe yake gam, hawaye na zubo mata. Daga bayan tagar, ta wajen bututun ruwa, aka yi ɗan gyaran murya.

"Ba ita ba ce, Hajiya. Ni ma ba na nan, na tafi tun ɗazu."