Ƙasar Ganuwar Kufai

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan da Barau mai amalanken shanu ya faru.

Ruwan damina ya rushe masa ɗaki, matarsa da tsohon ciki. Masu gonaki suka hana shi haƙar ƙasa. Ransa a ɓace ya ɗaura wa shanu amalanke, ya nufi kufan tsohon gari, inda ganuwa take kwance kamar doron raƙumi, da rami mai zurfi kewaye da ita. Jar ƙasa ce mai danƙo, ba wanda yake taɓawa.

Rana tsaka ya isa, shi kaɗai. Ya kafa diga, yana haƙa yana lodi har amalanken ya kusa cika. Ya ƙara sara uku, tsuntsaye suka yi tsit. Shanun suka ja da baya.

Sai ga tsohuwa ta fito daga ramin, kwando a ka.

"Ɗan nan, wa ya ba ka?"

"Iya, wa zan tambaya? Garin ya mutu tun kaka da kakanni."

"Mayar."

"Ba zan mayar ba. Matata a waje take kwana, ƙasa tana nan tana zaman banza."

Ta sauke kwandon. Da ta sake magana, muryar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta mata ce da yawa, duk a fusace.

"Banza? Shekara bakwai muna ɗauko ta a ka, muna gina ganuwar nan. A bakin ramin nan na haihu, na tashi na ci gaba da ɗauka. Mahara suka zo, mazanmu suka faɗi a inda kake tsaye. Jininsu kake lodawa."

Barau ya sunkuyar da kai. A nan ya ga ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

Ya saki digar. Ya kama karatun addu'a yana sarƙewa.

"Karanta da kyau," in ji ta. "Sannan ka mayar. Da kai, yadda muka kawo."

Ta tura masa kwandon. Har la'asar yana jida, tana tsaye a kansa tana huci. Da ya juye na ƙarshe ya waiwaya, ba kowa.

A ɗakin kara matarsa ta haihu. Shi kuwa wuyansa bai sake miƙewa ba har ya mutu.

Saboda haka in hanya ta bi da ku ta kufai, ku nemi abokin tafiya. Ko ƙasar da ta manne a takalmi, ku kakkaɓe ta a can.