Kwalba Mai Lamba 318

"Ke da jinin mutane ke bi ta hannunki kullum, ki dubi tsabar idona ki ce ba ki sani ba?"

"Mama, babu suna a jikin kwalaben! Lamba ce kawai... sau nawa zan faɗa?"

Na ci gaba da ninke kayan wanki kamar su suka yi min laifi. Gaskiya na faɗa mata, sai dai ba duka ba.

Shekara biyu ke nan ina aiki a ɗakin gwaji na wani bincike kan ciwon hanta nau'in B. Dakta, shugabar binciken, ta nanata mana dokar aikin har mun haddace: nas ta ɗebi jini ta manna lamba, mu kuma mu gwada lamba. Littafin da ke haɗa lamba da suna yana kulle a durowarta.

Dogo kuwa shi zan aura, malamin lissafi ne, mai haƙurin da har haushi yake ba ni. Ciwon hanta ne ya yi ajalin mahaifinsa bara waccan. Tun daga nan Yaya, babban wana da ke riƙe da gidanmu, ya kafe cewa ciwon a jininsu yake. Dogo ya ce to a gwada shi. Yaya ya ce a haɗa da shi ma, kowa ya ga bambancin jini da jini.

Ran Litinin da safe na ratsa baranda da tiren kwalabe. A kan benci akwai wani tsoho mai sanda, sai Dogo, sai Yaya da shigowarsa ke nan yana duba agogo. Na ji nas ta ce wa tsohon, "Ɗari uku da sha bakwai, Baba." Wallahi ban taɓa littafin kowa ba. Ɗaya kawai na ƙara a raina na wuce.

Ran Alhamis kwalba mai lamba 318 ta fito da ƙwayar cutar, ba kaɗan ba. Sau biyu ina maimaita gwajin.

"Magana nake miki!" Mama ta katse min tunani.

"To ko ma yana da shi ai akwai magani, Mama! Ni kuma an yi min rigakafi tun..."

Na kama bakina, amma ina! Mama ta ajiye zanin da ke hannunta a hankali.

"Ashe dai kin sani."

Kafin la'asar Yaya ya kira kawun Dogo ya ce a dakata da maganar aure. Kwana biyar Dogo yana kirana ina kallon wayar har ta tsinke. Me zan ce masa? Na san sirrin da bai kamata in sani ba, na kuma zubar da shi a tsakar ɗaki? Takaici ya hana ni cin abinci, kowa a gidan na bi shi da harara, har da kyanwar Mama.

A rana ta shida ya same ni a barandar wurin aiki, garin alli a hannun rigarsa. Bai yi min murmushin da ya saba ba.

"Kawu ya ce wai daga bakinki aka ji ina da ciwo."

"Dogo, don Allah ba a nan ba..."

"A nan ɗin! A nan aka ɗebi jinin ai."

Ya miƙo min ambulan. Na buɗe. Babu ƙwayar cuta, lafiyarsa ƙalau. A saman takardar an rubuta 319.

"Ba taka ba ce wannan! Kai ne bayan tsoho mai sanda, da idona na gani!"

Ya dube ni irin kallon da yake wa ɗalibin da ya ba shi kunya.

"Ashe ƙirge kika yi... Yayanki yana sauri zai je ya buɗe shago. Ta yaya zan shiga ya zauna yana jirana? Tashi na yi na ba shi wurina."

Na zauna a bencin nan. Ashe 318 kwalbar Yaya ce. Bai tambaye ni komai ba. Mutumin da ke koyar da lissafi ba sai an rage masa ɗaya ba.

"Ba wannan ne ya ƙona min rai ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Da ni ne fa? Haka za ki bar ni da waya a hannu kwana biyar?"

"Ba barinka na yi ba, abin ƙaunata, kunya ce ta..."

"Ni dai shiru na ji."

Ya karɓi takardarsa ya tafi.

Da ƙafata na je na faɗa wa Dakta. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Yanzu kin gane amfanin makullin? Sati biyu ki zauna a gida. Kuma ko da wasa kada ki gaya wa kowa sakamakon kowa. Aikina ne wannan."

Aikinta ne, amma sau uku tana kiran Yaya ya zo ya karɓi takardarsa yana ƙi.

"Ni da ko zazzaɓi ba na yi?" ya ce min yana dariya. "Mai ciwo ai ya ji nasa."

Na bi shi da roƙo, na bi shi da faɗa, har kuka na yi masa. Ya ce soyayya ce ta taɓa min kai. Ciwon nan kuwa na san halinsa, shekaru yake yi yana cin mutum ba ko tari.

Ashe Dogo bai zauna ba. Shagon tayoyin Yaya ya je, ya shimfiɗa takardarsa a kan tebur.

"Yaya, mu biyu muka yi alkawari. Ga tawa, saura taka."

Girman kai ya yi abin da hawayena suka kasa. Washegari da hantsi Yaya ya shiga ofishin Dakta yana taƙama, ni da Dogo muna kan benci, tsakaninmu wurin zaman mutum biyu.

Ya fi rabin awa bai fito ba. Da ya fito, ambulan ɗin na hannunsa, ya yi laushi tamkar ba shi ne mai tsawa a gidanmu ba. Dogo ya miƙe ya riƙo kafaɗarsa ya zaunar da shi.

"Baba bai sani ba sai da cikinsa ya kumbura," ya ce. "Kai da ƙafarka ka zo, Yaya. Akwai maganin da ke danne shi. Duk ranar asibiti tare za mu zo, na san hanyar."

Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardar.

"Ni da na hana ka ƙanwata?"

"Ita ma ta hana ni kanta kwana biyar, ga ni dai ban mutu ba."

Sai a lokacin Dogo ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Rabin raina... lissafi dai ki bar min daga yau."

Na yi dariya ina share hawaye. Yaya ya goge fuska da bakin rigarsa, ya laluba aljihu ya fito da waya, ya miƙa wa Dogo.

"Nemo min kawunka. Hannuna ba zai iya ba."