Kakannin Sagin Bakwai

Wanda ya ci gurasar mutum ya juyo ya ɗora masa bindiga, kare ya fi shi, don kare ya san hannun da ya ba shi. Sagin ɗan ƙauyenmu ne, shi ya sa bakina ke ɗaci.

Su uku ne. Toktosun ne babba, shi ke riƙe bindiga. Duishan direba. Sagin kuwa gaggafar farautar ubansa ya sato, yana tsayawa da ita a bakin hanyar Jeti-Oguz, inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto.

"Kai dai tsayar mana da su," in ji Toktosun. "Yi ta washe baki. Sauran namu ne."

Da hantsi sai ga motar Asilbek, malamin makaranta daga Bishkek, babban birnin ƙasarmu. Kwana uku yana zagayawa da iyalinsa, sun ga tafki, sun sayi zuma, yanzu jajayen duwatsun Jeti-Oguz suka nufa. Yara suka hango gaggafa, suka dame shi har ya taka birki.

Uwarsa, tsohuwa Burul, ba ruwanta da hoto. Ta gutsuro gurasa ta miƙa wa Sagin. Ya karɓa ya ci.

"Ɗana, ɗan gidan wa ne kai? Jero min kakanninka bakwai."

A wurinmu wanda ya kasa wannan ba a kirga shi cikin mutane. Shashashan ya gyara tsayuwa ya zuba su tiryan-tiryan, har da ƙafafa.

"Madalla," in ji tsohuwa. "Gidan mutunci."

Ba ta rufe baki ba — Toktosun ya diro daga bayan dutse!

"Kowa ƙasa! Makulli, malam!"

Asilbek ya rungume yaransa. Duishan ya fizge ɗan kunnen tsohuwa — jini a kan farin ɗankwalinta! Sagin ya yar da gaggafa, gurasa na bakinsa tukuna. Su ukun suka faɗa motar malamin, ƙura ta tashi.

A ofishin 'yan sanda sajan ya nemi kamannin ɓarayin.

"Idona ya mutu, ɗana," in ji tsohuwa. "Kunnen da suka yaga ne dai ke aiki. Rubuta."

Ta shiga jero kakannin Sagin. A suna na huɗu sajan ya ajiye biro. "Na san gidan."

Can a mota Toktosun ya waiwayo.

"Me gyatumar nan ke ce maka?"

"Ba komai, oga. Kakannina ta tambaya."

"Ka faɗa?"

"To in ce ban sani ba? Ni shege ne?"

Toktosun ya dubi Duishan. "Tsaya nan."

Harbi biyu! Suka mirgina Sagin kwazazzabo.

Ramin mugunta a gina shi gajere. Makiyaya suka tsince shi da sauran numfashi, kafin la'asar ya tona hanyar da abokansa suka bi. A kan gada 'yan sanda suka tare su. Duishan ya ɗaga hannu. Toktosun ya ɗaga bindiga, can harsashi ya kwantar da shi har abada.

Ga abin da Sagin ya kwasa. Ƙafar dama, an yanke. Shekara goma sha biyu a kurkuku. Gaggafar da aka mayar, ubansa ya kwance mata igiya ya sake ta, ya ce hannun ɓarawo ya taɓa ta. Jiya na ji tsohon yana koya wa ɗan Sagin kakanninsa bakwai. Daga kansa ya fara, ya tsallake sunan Sagin.