Takalman Robar Baba

"Kai ka faɗa masa, Shunpei... kai ne!"

Chizuru ta matse waya a kunne, tana rakuɓe a bakin ƙofar kamfanin jirgin sama a Tokyo, cikin baƙar kwat irin ta kowace mai neman aiki. Saurayin nata ya rantse bai buɗe baki ba. Ya ce ita ce ta mance ambulan ɗinta a kan tebur, mahaifinta ya gani yana shirin buɗe shagon kifinsa.

Takardar neman aikin kula da fasinja ce a ciki. Sau tara ta rubuta ta da hannu, don ba a yarda da gogewa. Wata huɗu tana ɓoye wa Baba maganar. Ita kaɗai gare shi, kuma tun rasuwar mahaifiyarta yake gaya wa masu saye cewa Chizuru ce za ta gaji shagon.

Shunpei ya ce, "Ya rufe shago ya biyo ki a jirgin ƙasa. Kwantar da hankalinki, 'yar mai kifi."

"Kar ka ƙara kira na haka yau."

Ta kashe wayar.

A zauren jira 'yan mata sun kai arba'in, kowacce ta tufke gashi tsaf. Ta kusa da ita, Ririko, mai ƙamshin turare, ta tambaye ta sana'ar mahaifinta. Chizuru ta ce yana harkar abinci.

Ba ta rufe baki ba ƙofa ta buɗe. Baba ne, da fararen takalman robarsa na shago, ƙarnin kifi na biye da shi.

Ririko ta kare hanci. "Wa ya bar wannan ya shigo? Ke yake kallo fa... kin san shi?"

"A'a."

A hankali ta faɗa, amma ya ji. Ya ɗan tsaya. Sai ya ƙaraso, ya miƙo ambulan ɗin da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, kin yar da wannan a tasha."

Ya rusuna, bai ɗago ba. Aka kira lambarta, ta shiga lif ɗin hawa bene. Har ƙofar ta rufe yana sunkuye, yadda yake yi wa mai saye har sai ya sha kwana.

Mutum uku ne masu tambayoyin. Wata dattijuwa ta tambaye ta a ina ta koyi karrama baƙo. Chizuru ta haddace amsa mai kyau a kan wata malamarta, amma amsar ta ƙi fita.

"A wurin mahaifina," ta ce. "Mai sayar da kifi ne. Yanzun nan ya kawo mini takardar da ke hannunki, na ce ban san shi ba... shi kuma ya rufa mini asiri."

Dattijuwar ta dube ta, ta yi ɗan rubutu, ta ce za su aiko da saƙo.

Da gudu ta fito. Shunpei ta kira tana kuka, ya gaya mata inda Baba kan jira jirgi a tasha, ya ƙara da cewa, "Yi sauri, abar ƙaunata, kafin ya hau jirgi."

Ta same shi a kan benci, ya cire takalmi ɗaya yana murza ƙafa. Ta rusuna a gabansa, ta kasa ɗagowa.

"Baba... ka yafe mini."

"Ɗago, za ki ɓata gashin." Ya matsa mata wuri. Ya ce ya karanta takardar a hanya, rubutunta sak na mahaifiyarta. Sannan ya yi tsaki. "Wannan yaron naki, wata biyu ke nan yana zuwa wai in koya masa yankan kifi. Bai faɗi dalili ba, amma ni ba wawa ba ne. Ɓarna yake yi mini... sai dai zai iya."

Chizuru ta rufe fuska.

"In sun ɗauke ki, ki tafi. Shago ya sami mai gado, in dai kina son sa."

Ta gyaɗa kai. Can sai ga Ririko tafe da jakarta, ta yi turus. Chizuru ta miƙe, ta riƙo hannun Baba da hannu biyu.

"Ririko, ga mahaifina."