Lamba ta Goma a Gidan Hajiya Tabawa

Ku matso kusa, ku rage murya.

Haladu mai haɗa intanet ne a Funtuwa, kuma bai ɗauki kowa a bakin komai ba. Ran nan Hajiya Tabawa ta kira shi sabon gidanta na bayan gari, wai intanet ɗin ya yi nauyi. Ya iso da rana tsaka, lokacin da mai hankali ke cikin inuwa.

Ya buɗe kwamfutarsa ya shiga saitin rauta. Ita wannan na'ura, duk wayar da ta shigo gida, da kanta take ba ta lamba, kamar mai raba wa baƙi tabarma. Wanda ya fara haɗa ta ya ware lambobi goma. Haladu ya ƙirga wayoyin gidan har da talabijin. Tara. Amma goman duk a kame suke. Mai riƙe da ta goma ba shi da suna.

"Hajiya, maƙwabta na sha miki intanet."

"Ka ga wani gida a kusa? Bar ta goman nan, ɗana. Wanda ya haɗa ya ce ta waɗanda muka tarar a filin ce."

Haladu ya ja tsaki. "Haka jahilai ke cewa idan aiki ya fi ƙarfinsu."

Ya rage rabon zuwa tara, ya ɗaure kowace lamba ga wayarta. Ta goma ta ɓace.

A ƙofar gida ya tarar da wata mata zaune kan babur ɗinsa. Rana na dukanta, ba gumi. Yashi ya kewaye babur ɗin, ba sawu ko ɗaya sai nasa.

"Kai ne gwanin?" Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Baiwar Allah, sauka min daga mashin."

"An gina mana ɗaki a ka, mun yi shiru. Gurbi ɗaya aka bar mana, kai ɗan jiya ka toshe. To, na karɓi naka."

Ya ƙifta ido. Ba kowa.

Da ya isa gida, matarsa Zulai ta ja mayafi ta koma bayan labule.

"Malam, wa za a ce? Maigidan na cin abinci."

Daga cikin ɗaki wani ya yi gyaran murya. Irin tasa sak.

Ya koma gidan Hajiya Tabawa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma daga ina?"

"Mai gyara ne, Hajiya. Don Allah."

"Shiga. Ɗazu ma wani marar kunya ya zo. Fuskarsa ta ɓace min."

Ya kwance ɗaurin lambobin, ya mayar da rabon goma. Sai dai na'urar ba ta ba da lamba sai an nema. Gurbin ya zauna fayau. Gwani ya durƙusa gaban ɗan akwatin roba yana ba shi haƙuri. Sai da aka kira la'asar gurbi na goma ya cika.

"A'a, Haladu, ashe kana nan?" in ji Hajiya.

A gida ya tarar da kwanonsa an suɗe, wurin zamansa da ɗumi.

"Ka gama cinye na mutum uku," in ji Zulai, "kuma kana leƙen tukunya?"

Ya mayar da murfin tukunyar.

Don haka, idan kuka ga baƙuwar lamba a gidan da ba shi da maƙwabci, kada ku shiga saitin nan ku kaɗai. Ku tambayi tsofaffin gidan tukuna.