Rigar Da Ke Cikin Akwatin Toka

Auta ta shiga asibitin dabbobi da akwatin ɗaukar mage a hannu ɗaya, mage a ɗayan, tabaraunta a karkace, bayan hannunta duk yakushi. Kafin ta gama sallama magen ta kufce, ta bi ta kan teburi, ta watsar da kwalabe, ta haye kafaɗar wani saurayi da ke tsaye yana wanke hannu.

"Wayyo, kare fuskarka!" Auta ta yi ƙara. "Cizo take yi!"

Saurayin bai motsa ba. Toka, magen da ta taɓa korar mai gyaran famfo har bakin titi, ta shinshina wuyansa, ta naɗe wutsiya, ta lumshe ido.

Auta ta saki baki. Littattafan da ta karanta sun fi a ƙirga, amma babu wanda ya shirya ta wa wannan.

"Wannan ce mai cizon?" ya tambaya yana murmushi.

"Wallahi ita ce. Ko... ko dai an canza min ita a hanya?"

Ya yi dariya. Shi mataimakin likita ne, kowa a wurin Dogo yake ce masa. Cikin in-ina ta faɗa masa damuwarta. An yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, kuma ya rantse mage ba za ta shiga motarsa a sake ba. Ko ta shiga akwati, ko a bar ta. Toka kuwa magen marigayiya Kaka ce, ita kaɗai ta rage wa Auta daga gare ta.

"Tura ta kike yi ciki?"

"Da ƙarfi ma."

"Shi ya sa. Ki ajiye akwatin inda take kwana, ƙofa a buɗe. Ki riƙa sa mata abinci a bakinsa, gobe ki ɗan matsar ciki. Sannan ki shimfiɗa abin da ke da ƙamshin wanda ta yarda da shi."

"Ba ta yarda da kowa ba. Ni ma haƙuri kawai take yi da ni."

Dogo ya dubi magen da ke kafaɗarsa. Sai ya cire rigar sanyinsa, ya ninke, ya shimfiɗa a akwatin. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta karɓa, ta fita, ko godiya ta manta.

Da yamma saƙo ya shigo daga Dogo, wanda ya samo lambarta a katin asibiti.

"Maman Toka, ya mai jiki? Ta leƙa akwatin?"

"Ta sa kai ta fito. Hannuna rawa yake yi."

"Saboda magen?"

Auta ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. A ƙarshe ta tura: "Ban sani ba."

"Ni na sani. Nawa ma rawa yake yi, kuma allura nake riƙe da ita."

Haka hira ta yi ta tsawo. Toka ta fara cin abinci a cikin akwatin, daga baya har barcin rana take yi a kan rigar. Auta kuwa ta daina gane abin da take karantawa.

Sai ranar da ɗan Goggo ya zo taya su ɗaure kaya. Mai sayar da motoci ne, ya daɗe yana zarya a gidan saboda Auta, da turare mai hawa kai, Toka kuma ba ta taɓa barinsa ya zauna lafiya ba. Shi ya zaro rigar da ɗan yatsa biyu, ya kai falo.

"Kawu, dubi abin da na samu a ɗakin Auta. Rigar namiji!"

Mama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Auta? Ke da ko taga ba kya leƙawa?"

"Mama, ta Toka ce... wato ba tata ba ce, ta... don ƙamshin..."

"Ƙamshi!" Baba ya miƙe tsaye. "Mage ce za ta nemi rigar saurayi? Ni za ki mayar yaro? Wane ne shi?"

"Mai wanke karnuka ne, Kawu," in ji ɗan Goggo. "Na bincika."

Baba ya karɓe wayarta, ya sa aka jefar da rigar. Dogo ya yi ta turo saƙo shiru, har ya ɗauka ta gaji da shi ne.

Ranar tafiya, babbar mota ta cika da kaya, Toka kuwa ta ƙi ko kallon akwatin.

"Ku ba ni wuri," ɗan Goggo ya ce, ya damƙo ta a wuya. Abin da ya biyo baya, kafin ƙiftawar ido aka yi shi. Sai ga shi dafe da hanci yana salati, Toka kuma tana can saman katanga, gashinta a tsaye.

"Shi ke nan, a bar ta," in ji Baba.

Auta ba ta yi musu ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta rungume akwatin, hawaye na sauka a kan tabaraunta. "Kaka ta ce in riƙe ta amana, Baba."

Baba ya ɗaga kai ya dubi magen. Kaka mahaifiyarsa ce. Ya ciro wayar daga aljihu ya miƙa mata. "Kira mai karnukan."

Dogo ya zo yana haki. Ya durƙusa ya gaida Baba, bai ko kalli Auta ba. Ya ce kowa ya ja baya. Ya cire rigarsa ta sama a gaban kowa, Mama ta kau da kai tana "A'uzubillahi," ya shimfiɗa a akwatin, ya zauna a ƙasa, ya naɗe hannu. Direba ya yi ta danna ham. Dogo ko gezau.

Toka ta sauko a hankali. Ta shinshina ƙofar, ta shiga, ta juya, ta kwanta.

Bakin Baba ya kasa rufuwa. Ya dubi magen, ya dubi 'yarsa. "Ashe gaskiya kika faɗa, Auta. Ki yafe min."

"Sai dai ƙamshin yana gushewa, Baba," Dogo ya ce, kansa a ƙasa. "Za ta buƙaci wata rigar."

"In ta gushe kuma wata?"

"Haka ne, Baba."

"To kafin ka ƙare ba riga, ka turo min manyanka."

Nan take tabaraun Auta ya faɗi ƙasa.

Ranar da aka ɗaura aure, an nemi Toka an rasa, hankalin amarya ya tashi. Sai Mama ta leƙa akwatin, ta tarar da ita kwance, ta riga kowa shiri.

Saƙon ango ya shigo: "Maman Toka, ƙofa a buɗe take. Ba mai tura ki, ki shigo da kanki."

"Ga mu nan, Baban Toka. Mu biyu."

Baba da kansa ya ɗauki akwatin ya sa a mota. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya yi muku albarka," ya ce. Daga ciki Toka ta yi ɗan kuka, Mama ta ce ai amin ce take cewa.