Muryar da Na'ura Ta Share

Ku matso, ku rage fitilar nan. Ke Talatuwa, in kuka za ki yi, gara ki shige ɗaki tun yanzu.

Haladu injiniya ne a wani ƙaramin gidan rediyo. Turken watsa shirinsu yana kan dutse, can bayan gari, da ɗan ɗaki a gindinsa. A ciki akwai kwamfuta guda, ba ta da allo, ba ta da madannai, sai 'yar koriyar wuta tana ƙiftawa. Aikinta tace sauti. Ta cire shuuu ɗin nan da ke bin magana a rediyo, sannan ta tura wa masu saurare. Ita kaɗai take yi, dare da rana.

Tsohon da Haladu ya gaji aikin a hannunsa ya gargaɗe shi da abu biyu: ya riƙa sallama ko ba kowa a ɗakin, kuma kada ya tace shuuu ɗin duka, ya bar kaɗan. Haladu ya ce tsufa ne kawai. Yana zaune a gida ya tura wa na'urar umarni, ta share komai. Sauti ya fito tas.

Baƙo ne a garin, ba mata, ba dangi. Daɗinsa ɗaya a duniya, kiran mahaifiyarsa bayan isha'i. Ranar ya kira.

"Haladu, kai ne? Yi magana mana."

Yana ta amsawa, ba ta jin sa. Ya je wurin mai shayi, ya yi sallama, mutumin ko ɗagowa bai yi ba. Haka ya yi kwanaki. Ni abin tausayi yake ba ni, wallahi.

Wani dare ya hau dutsen. Wani dattijo na zaune a bakin ƙofa. Ƙasa duk yashi, amma ba sawu ko ɗaya. Leɓensa ya gama motsi, sai daga baya maganar ta iso.

"Ka ji yadda abin yake? Matata tana dutsen gabas. Ta cikin shuuu ɗin nan muke gaisawa. Ka share mu."

Haladu ya yi sallama, ya shiga ɗakin ya mayar da na'urar yadda take. Da ya fito, ba kowa. Wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗan nan, ina ka shiga?"

"Ga ni, Inna."

Sai ta fashe da kuka.

Ba ta ƙara shekara ba ta rasu. Har yau, bayan isha'i, Haladu yakan murɗa rediyo zuwa inda ba tasha, ya kara a kunne. Wani lokaci za ka ji ya ce, "Ga ni, Inna."

Ku dai kada wanda ya hau dutsen nan shi kaɗai. In kuwa ya zama dole, ya yi sallama.